Ƙara kawai salansar ke ƙarawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Dan Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan in yi magana da samarinmu na Gombe, musamman 'ya'yan masu hali, kan wani aiki da ya shigo hannuna bayan ƙaramar sallah wanda har yau in na kalle shi a gareji sai raina ya sosu.

Ni bakanike ne. Yawancin aikina injin ban ruwa na 'yan fadama ne, da janareto, sai kuma injin kwale-kwale da masunta da 'yan fito ke kawo min daga Daɗin Kowa. Amma kafin in dawo gida na yi shekaru a Legas a hannun wani ogana mai gyaran jiragen shaƙatawa na masu kuɗi, a can na fara taɓa wannan abin da samari ke ce wa jet ski, ni kam babur ɗin ruwa nake ce masa dan shi ne sunan da ya dace da shi. Shi Jet Ski ɗin ma sunan da kamfanin Kawasaki ya raɗa wa nasa ne tun 1973, sai ya bi sauran, kamar dai yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Na Yamaha sunansa WaveRunner, na mutanen Kanada kuma Sea-Doo.

Toh wani yaro ne ɗan wani Alhaji, bazan faɗi unguwarsu ba balle sunansa, yaron kirki ne wallahi, yana gaida mutane, rawar kai ce kawai ta shekaru. Ya sayo Sea-Doo na hannu daga Legas, mai ƙarfin doki 260, aka ɗoro masa shi a tirela har Gombe. Injin Rotax ne a ciki, silinda uku, ga sufacaja, wato wata fanka ce da ke ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya dan ya ƙona mai fiye da girmansa. Ranar da ya fara kawo min na duba masa na canza baƙin mai da fulogi, na ce masa ka yi sa'a, wannan mai shi bai wahalar da shi ba. Kafin ya tafi sai ya ciro waya ya nuna min bidiyo a TikTok, wasu turawa suna tsala gudu a ruwa abin yana kuka kamar jirgin yaƙi, yace Baba irin wannan salansar nake so ka yi min. Nace masa yaro bar wannan maganar, salansar wannan ba irin ta Boxer bace da kuke fasawa kuna hana mu barci a Jekadafari. Yayi dariya yace toh Baba, ashe toh ɗin ta fatar baki ce.

Sati biyu bayan nan sai ga waya da la'asar, muryarsa na rawa, wai Baba kazo dam abin ya mutu a tsakiyar ruwa. Daga Gombe zuwa Daɗin Kowa kusan kilomita 37 ne ta hanyar Biu, kafin in isa rana ta kusa faɗuwa, na tarar wasu masunta biyu sun jawo shi bakin gaɓa da kwale-kwalensu, bayansa ya nutse hancinsa ne kawai a sama, shi kuma yaron yana zaune kan dutse jikinsa sharkaf ko rigar kariya babu. Da muka ɗaga kujerar wani wari ya buge ni, warin roba da ta ƙone gauraye da hayaƙi, ruwa kuwa ya kai rabin inji. Na saka hannu ina laluben tukunyar salansa, babu ita, sai wani bututun ƙarfe da aka yi wa walda kamar ƙafar gadon makaranta. Ashe da na ƙi, wajen wani mai walda ya kai, shi kuma ya yanke tukunyar ya jefar, ya ga wani siririn tiyo yana shiga jikin salansar bai san na mene bane sai ya lanƙwashe shi ya ɗaure da waya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne Malam Edita, wannan siririn tiyon shi ne ran abin gaba ɗaya.

Bari in yi bayani yadda wanda bai taɓa gani ba zai gane. Salansar mashin a waje take, iska na bugunta, ko tayi ja wur ba ruwan kowa sai ƙafar wanda aka goya. Shi kuwa babur ɗin ruwa injinsa a rufe yake cikin kwando, ƙarƙashin kujerar da kake zaune, ga tankin mai a gefe, iska bata ratsawa. Saboda haka masu ƙera shi suka sa ruwan da yake tafiya a kai ya riƙa zagaya salansar, har ana fesa wani a cikin hayaƙin kansa dan ya huce kafin ya kai ga tiyon roba. Ita tukunyar da aka yanke aiki biyu take, tana rage kuka, tana kuma tare ruwa kar ya komo baya ya shiga inji in an tsaya ko igiyar ruwa ta bugo ta baya. Ka hana ruwan nan shiga, cikin 'yan mintuna robar zata narke, hayaƙi ya cika kwandon, injin ya koma shaƙar hayaƙin kansa ya fara shiɗewa, ta inda robar ta ɓule kuma ruwan dam ya samu ƙofa. Abin da ya faru kenan ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma da ya ji ya mutu sai yayi ta danna sitata yana sake dannawa, alhali ruwa ya riga ya shiga silinda, ruwa kuma ba iska bane, fistin baya iya matse shi, sai wani abu ya lanƙwashe. Da na kwance washegari kwanrod ɗaya, wato sandar da ke riƙe fistin, ya karkace, baƙin man da na zuba da hannuna ya koma kalar shayi mai madara.

Ni ban ga laifin yaran nan sosai ba a kan wannan imani na cewa salansa ce gudu, dan maganar tana da asali. A zamanin injin tu-sitirok, irin wanda ake haɗa masa mai da baƙin mai, salansa mai tumbi da gaske tana ƙara ƙarfi, tumbin nan yana maido da bugun hayaƙi baya ya tura ɗanyen man da ya so gudu ya koma cikin silinda, duk wanda ya riƙe tsohuwar Suzuki ko Yamaha ta da ya san haka ko bai san dalili ba. Baburan ruwa na farko duk irin wannan injin ne. Amma tun wajen 2002 kamfanonin suka fara komawa fo-sitirok saboda dokokin hayaƙi na Amurka, shi kuma wannan bawul ne da kwamfuta ke tafiyar da numfashinsa, kaje ka sayo salansa mafi tsada ta kamfani ka ɗaura ita kaɗai, abin da zata ƙara maka a gudu bazaka ji shi a jikinka ba, kunnenka ne kawai zai gaya maka kana tashi sama. Kuma su waɗanda ake sayarwa ɗin na gaske basa taɓa hanyar ruwan nan, wani ɓangare ne na rage kuka kawai suke cirewa. Turawan bidiyon da ya nuna min sun canza abubuwa goma a ciki, salansar ce kawai ake iya ji ta waya.

In mutum ya nace sai ya ƙara wa nasa ƙarfi, kuɗinsa ne, ni dai ga abin da na koya a hannun ogana. A ƙasa ake farawa, ba a inji ba. Shi wannan abin bashi da farfela a waje irin ta injin kwale-kwale, bashi da giya ma sam, ruwa yake zuƙa ta wata raga a ƙarƙashin cikinsa, fanka ta matse shi ta feso ta baya, feshin nan ne ke tura shi gaba. Fankar tana juyawa ne cikin wani zobe, tsakaninsu ɗan siririn fili ne da ƙyar kati zai shiga. In zoben ya cinye, ruwa sai ya riƙa zillewa ta gefe, zaka ji inji na ihu amma abin baya tafiya, kamar mota mai cinyayyen kuloci a hawan dutse. Namu ruwan kuwa kowa ya sani, da damina Gongola jajawur take zuwa da yashi da ɓuraguzai, ga ledar fiya wata, ga igiyar raga, duk fankar nan ce ke haɗiye su. Na yaron nan da na leƙa da tocila bakin fankar ya yi gibi-gibi kamar tsohuwar lauje, zoben kuma duk ya karce. Wato gudun da yake nema yana nan a kwance, da ya canza zobe ya gyara fanka da ya dawo da abin da ya ɓata da kuɗin da bai kai na waldar da jinyar ba.

Fankar ma kala-kala ce, akwai ta Solas da ake yi a Taiwan wadda masu wannan harka suka fi sani, kowacce da irin murɗin fukafukanta. Kamar faifan sarƙa na bayan mashin ne, ka saka ƙarami ka samu gudu ka rasa ja, ka saka babba ka samu ja ka rasa gudu. Injin irin nasa an yi shi ne ya riƙa juyi wajen 8,000 a minti in an murɗe totur duka, sai a zaɓi fankar da zata riƙe shi a nan, in tayi masa nauyi bazai kai ba, in tayi sako-sako zai wuce ya riƙa buga iyaka. Shi yasa ba a sayen fanka da ido ko dan tana ƙyalli.

Sai kuma biren bos, kwamfutar injin. A nan ƙarfin gaske yake ɓoye, a nan kuma ake kashe inji. Manyan kamfanonin sun daɗe da yin wata fahimta da hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka cewa baza su sake su su wuce wajen mil 65 a awa ba, kusan kilomita 105 kenan, dan haka ko injin na da sauran ƙarfi kwamfuta ce ke riƙe masa linzami. Masu tsere sai su sake rubuta ta, su cire linzamin, su ƙara wuta su ƙara mai. Irin su kamfanin Riva a Amurka har kashi-kashi suke sayar da kayan, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, kowane mataki da abin da dole ya tafi tare da shi, in ka ƙara iska sai ka ƙara mai, in ka ƙara matsi sai ka ƙara girman na'urar da ke sanyaya iskar, in ka ƙara juyi sai ka canza abin da ke riƙe bawul kar ya tsinke ya faɗa kan fistin. Ba a tsinko ɗaya a bar saura. Mu kuma ɗabi'armu kenan, mu tsinko mai arha mai ƙara mu ce Allah zai kiyaye.

Amma ko ka sayi duka, ga tambayar da nake so samarin nan su yi wa kansu, wane mai zaka zuba? A can Amurka gidan mai ɗaya zaka tarar da fetur kala uku, mai sufacaja an rubuta masa a littafi cewa mafi ingancin yake so, wanda aka taɓa masa kwamfuta kuwa ya fi kowa tsirfa. Mu nan fetur kala ɗaya ne a famfo daga Tumfure har Bajoga, abin da tanka ta kawo shi zaka sha, in kuma ya ƙare maka a bakin dam sai na 'yan bumburutu a galan wanda Allah kaɗai ya san me aka zuba masa. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afirilu lokacin da muke haura digiri 40, iskar da injin zai shaƙa ta riga tayi zafi sufacaja ta ƙara dafa ta, sai man ya riƙa fashewa da kansa kafin fulogi ya bashi wuta. A mota zaka ji wannan ƙyas-ƙyas ɗin ka ɗaga ƙafa, a ruwa da salansa mai ihu me zaka ji? Sai dai kawai fistin ya huje. Ni a ra'ayina duk wanda zai hau abin nan a Gombe ko Gubi ta Bauchi ya bar kwamfutarsa yadda kamfani ya saita ta, ita tana da ɗan sassaucin da zata ja baya in ta ji man bai yi ba. In ma saye zaka yi sabo, mara sufacaja ya fi dacewa da mu, irin su Spark ta Sea-Doo mai doki 90 ko Yamaha masu injin TR-1, basu da tsirfar mai, gyaransu da sauƙi, kuma wallahi gudunsu ya isa ya jefar da kai.

Maganar shan mai kam kar ma a fara. Manyan nan masu doki 300 tankinsu wajen lita 70 ne, in ka riƙe totur a ƙarshe suna iya shan sama da lita 90 a awa, kaga tanki ɗaya bazai kai ka awa guda ba. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san nawa lita take, ka lissafa da kanka. Toh wanda ya sayi rariya dai ya san zata zubar da ruwa, amma ace kuma ka biya kuɗi a ƙara mata huji?

Akwai ƙananan abubuwa da suka fi duk wannan amfani kuma kyauta ne. Kar ka tada shi a tudu ka barshi yana aiki kana nuna wa abokai, daƙiƙa kaɗan ne iyakarsa in ba ruwa. In zaka wanke masa ciki da tiyo, ka fara tada inji sannan ka buɗe ruwa, in ka gama ka fara rufe ruwa sannan ka kashe, ka juya wannan tsarin ka cika silinda da ruwa da hannunka. Kar ka murɗa totur a inda ruwa bai kai kusan mita ɗaya ba dan yashi da tsakuwa zai zuƙa. Sufacaja tana da awanninta na sabis a littafi, ga agogon awa nan a gabanka, ba sai ta fara kuka ba. Sannan kayan gyara babu su a Gombe, babu a Kano, wani ma sai an saka oda daga waje da dala, kaga kuwa bai kamata kayi wasa da abin da in ya karye sai ka jira jirgi ba.

Abin da yasa ma na ɗauki biro, ko ince waya, ba injin bane kawai. Dam ɗin nan da aka gama tun 1984 ba filin wasa aka gina mana ba, ruwan da muke sha a cikin Gombe daga nan yake, ga wutar lantarki megawat 40, ga masu noman rani, ga masunta da ke kwana a kai. Ɗaya daga cikin dattawan da suka jawo yaron ya riƙe min hannu yace Malam ka yi masa faɗa, tun da ya shiga yake zagaye mu, igiyar ruwansa saura kaɗan ta kifar da jikana, ya tsinka min raga biyu, kifi kuma duk ya gudu ƙasa saboda kuka. Kuma duk da haka shi ne ya bar kamunsa yaje ya ceto shi, ko sisi bai nema ba. Ni na ji kunya a madadinsa. Ƙara a kan ruwa nisa take tafiya fiye da tudu, wanda ke ƙetaren ma yana jinta. Ga dorina a ruwan nan, mutanen Hinna da kewaye zasu baka labarin abin da take musu a gona, ban san wanda ya gaya wa yaranmu cewa dabara ce kaje kana mata ihu a ka ba.

Wani abin da yawancinsu basu sani ba, shi babur ɗin ruwa da feshin nan yake juyawa, in ka tsorata ka saki totur gaba ɗaya ka murɗa kai, zai ci gaba da tafiya inda ya dosa ne. Birki ma sai a 2009 Sea-Doo ta fara sakawa, tsofaffin da ake kawo mana da yawa basu da shi. Yaron da bai iya wannan ba shi ne ke neman a ƙara masa gudu, ba rigar kariya, igiyar makullin da ya kamata ya ɗaura a hannu dan inji ya mutu in ya faɗi tana reto a jikin kan. Ina roƙon hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, da masu kula da dam ɗin, da sarkin ruwa da hakimai, su zauna tun abin bai yi yawa ba a ware musu gefe guda nesa da ragar mutane da mashigar fito, a kuma ce ba mai shiga sai da riga. Masu walda 'yan uwana kuma dan Allah in aka kawo muku abin da baku taɓa buɗewa ba ku ce baku sani ba, ba abin kunya bane, ni ma akwai motocin da in an kawo min nake cewa a kai gaba.

Alhajin ya zo garejin da kansa daga baya, ya zagaya abin sau biyu bai ce komai ba, sai ya tambaye ni nawa, na faɗa masa, ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Yanzu dai injin yana kan benci na rufe shi da buhu saboda ƙura, mun yi odar kwanrod da gaskit da tukunyar salansa irin wadda aka jefar, sati na bakwai kenan muna jira. Yaron yana leƙowa lokaci-lokaci, jiya ma yazo ya zauna kan tsohon batir yana kallona ina wanke kafiretar wani injin ban ruwa, can sai yace Baba in kayan sun iso, ita fankar da kace, tawa za'a gyara ko sabuwa zamu saya. Nace masa ya fara zuwa ya biya dattijon nan ragarsa tukuna sannan mu yi maganar fanka.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani bakaniken injin ruwa,
daga Gombe.